Ladanin da Ke Ɗaure a Hannu

Duk abin da mutum zai dogara da shi a rayuwa, ya kamata a san wanda ya gwada shi kafin ya iso hannun jama'a. Kwalbar magani tana ɗauke da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, wayar salula kuwa hukumar NCC ke tantance irinta. To amma akwai wani baƙo da ya shigo mana, wato agogon zamani da ake haɗawa da waya, wanda matasanmu na Yola da Jimeta ke ɗaurawa. Kamfani ɗaya ne ke ƙera agogon, manhajojin da ake zuba masa kuwa wasu ne daban ke rubuta su. Idan manhaja ta yi ƙarya, wa za a tuhuma?

Abin da ya sa wannan tambaya ta tsaya mini a rai ya faru ne cikin wani azumi. Wani ƙanena ya saka manhajar lokutan salla a agogonsa, ya mai da ita ladaninsa. Ashe ta kasa karɓar bayanin wurin da yake daga wayar, sai ta koma lissafin Legas ba tare da ta sanar da shi ba. Tsakanin Yola da Legas akwai tazarar kimanin digiri 9, kowane digiri kuma minti 4 ne a tafiyar rana. Ke nan alfijir na ketowa a bakin Binuwai wajen rabin awa kafin ya keto a Legas. Yaro yana tsaka da sahur, masallatai sun riga sun yi kiran assalatu.

Da ya koma wurin wanda ya sayar masa da agogon, sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba shi ya ƙera ba. Na kuma san masu ƙera irin waɗannan agogo kan ce manhajar ba tasu ba ce, marubucinta kuma ya ce a wata ƙirar agogo ya gwada. Kowa ya zame, aka bar mai azumi da ramuwa.

Kada mai karatu ya zaci tantancewar rumbunan manhajoji ta wadatar. A 2022 kamfanin Google ya cire wasu manhajoji daga rumbunsa, har da na lokutan salla, bayan masu bincike biyu, Joel Reardon da Serge Egelman, sun gano suna kwasar bayanan mutane a ɓoye. Masu bincike na waje ne suka bankaɗo abin, bayan miliyoyin mutane sun riga sun sauke su.

A ganina, nauyi mafi girma yana wuyan marubucin manhaja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wajibi ne ya gwada abin da zai faru idan waya ta rabu da agogo, ya kuma sa manhajar ta fito fili ta ce ba ta san inda take ba. Daga shi sai mai rumbu da mai agogo, tun da su suka buɗe ƙofa, kuma suna cin riba. Hukuma ma tana da ta cewa: matsin lambar hukumar FCCPC ya sa tun 2023 Google ke neman shaidar amincewarta daga manhajojin ba da rance a Nijeriya.

Mu ma jami'a muna da rabonmu. Me zai hana ɗaliban kwamfuta su haɗa kai da malaman da suka san lissafin lokutan salla, su gwada waɗannan manhajoji da alfijir da faɗuwar ranar Yola, su buga sakamakon da Hausa da Fulatanci? Kafin a kai ga haka, duk mai irin wannan agogo ya auna shi da ladanin unguwarsu tun kafin watan azumi ya tsaya. Allah ya sa mu dace.