Daga Zuba Zuwa Berger: Bel Ɗin Da Ya Ɓata Mana Riga

A hutun da ya wuce mun kai ziyara Abuja, mu uku 'yan aji ɗaya. A Zuba muka sauka, ga Dutsen Zuma can a bayanmu, muka shiga tasi zuwa Berger. Titin Kubwa faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe, motoci na sheƙa gudu kamar ana korarsu.

Ɗayanmu da ya zauna gaba ya jawo bel zai ɗaura, sai ƙura ta shata masa layi a farar rigarsa. Da gani an daɗe ba a taɓa shi ba. Direban ya yi dariya ya ce, "Samari, bar shi kawai, ai cikin gari ne."

Wajen Gwarimpa muka hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. Nan take direba ya yafa bel a ƙirji ba tare da ya maƙala ba. Muna wuce su ya sake shi. Ashe tara yake tsoro, ba mutuwa ba.

Ba mu yi nisa ba wata mota ta shigo gabanmu babu sigina. Direba ya taka birki da ƙarfi, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, mu na baya muka gwara goshi da kujeru. Mai ƙurar riga kaɗai bai gusa ba. Nan muka tuna darasin kimiyya: mota na iya tsayawa, amma jikin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da gudunsa. Karo a gudun kilomita 60 a awa tamkar faɗowa ne daga tsayin mita 14.

Tun 1959 injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro irin wannan bel, kuma tun 2003 aka tilasta ɗaura shi a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato tsararmu, kuma bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi.

Kafin mu kai Berger abokinmu ya ce, "Baba direba, don Allah a ɗaura." Bai ce uffan ba, sai muka ji ƙaras, ya maƙala. Rigar kuwa, sabulu ya wanke ta a daren.