Cobh, tashar da ƴan Ailan suka yi ban kwana da gida

A kudancin tsibirin Ailan, kusa da birnin Kork, akwai wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Cobh, wanda mazaunansa ke kira Kob. Gidajensa masu launi iri-iri sun hau tudu sahu-sahu, babban cocin dutse na bisansu yana fuskantar tashar jiragen ruwa. Daga 1848 zuwa 1950, mutane wajen miliyan 2 da rabi suka shiga jirgi a nan, akasarinsu zuwa Amurka, Kanada da Ostiraliya. Yunwa ce ta buɗe hanyar: a 1845 cuta ta afka wa dankalin turawa, abincin talaka, kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, fiye da haka sun yi ƙaura.

Yau jikoki da tattaɓa-kunne ne ke sauka a garin, kowa riƙe da tsohuwar takarda, yana neman asalinsa. Abin da ke fara ruɗa su shi ne sunan garin kansa, domin daga 1849 zuwa 1920 Queenstown ake ce masa, kuma shi ne a rubuce cikin takardun jiragen.

A bakin tashar akwai mutum-mutumin Annie Moore da ƙannenta maza biyu. Ita ce ta farko da aka yi wa rajista a tashar baƙi ta tsibirin Ellis, a New York, ran 1 ga Janairu 1892. Shekara da shekaru ana ɗaukar wata mai irin sunanta, wadda ta zauna a Texas, a matsayinta. Sai a 2006 masu bincike suka tabbatar cewa ta gaskiyar a New York ta yi rayuwarta, can ta rasu a 1924. Ashe suna kaɗai ba ya kai mutum gida.

Tasha dai mashiga ce kawai, ba ta faɗin ƙauyen da matafiyi ya fito. Saboda haka mai nema yakan wuce Dublin, babban birni, inda wani tarihi mai ɗaci ke jiransa. Ran 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, gidan adana takardun gwamnati ya ƙone ƙurmus, tare da kusan dukan takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Na 1861 zuwa 1891 kuwa, gwamnati da kanta ta riga ta lalata su. Na 1901 da 1911 sun tsira, ana duba su kyauta ta intanet. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta soma ba sai 1864, bayan da masu gudun yunwa sun daɗe da tafiya.

Abin da ya rage shi ne littattafan baftisma da aure na cocin Katolika, waɗanda babban ɗakin karatu na ƙasa ya sa a intanet a 2015, da kuma kundin ƙimar gonaki da gidaje na Griffith, wanda aka buga daga 1847 zuwa 1864 domin haraji. Amma dukansu wuri-wuri aka tsara su, ga shi ƙasar ta kasu ƙananan yankunan karkara fiye da 60,000, ga masu suna Murphy da Kelly ko'ina.

Shi ya sa masana ke ba da shawarar a fara daga can ƙasar da kaka ya sauka: takardar mutuwarsa, rubutun kan kabarinsa, wasiƙun da aka aiko masa daga gida, da abin da tsofaffin dangi ke tunawa. Wanda ya zo da sunan ƙauye yakan iya tsayawa a gonar kakansa. Wanda kuwa ya bari tsohuwar gidansu ta rasu bai tambaye ta ba, yakan tsaya a bakin ruwan Cobh, ya kalli teku, ya koma.