Na Bi Sawun Baba Saje Cikin Birnin Kano

A watan jiya na shiga birnin Kano da ƙafa, na bi hanyar da na saba bi tare da wani tsoho sa'ad da nake yaro. Shi wan kakata ne. A ƙauyenmu, yamma da birni a kan hanyar Gwarzo, kowa Baba Saje yake ce masa, ko da yake shi da bakinsa ya ce igiya biyu kaɗai ya samu, watau kofur. An haife shi a zamanin Sarkin Kano Usman, wanda ya yi sarauta daga 1919 zuwa 1926. Ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya komo ya zama mai gyare-gyaren ƙauye, ya rasu ya ba shekara 90 baya.

Kowace shekara bayan an gama kaka yakan shigo birni sayen kayan aiki, ni kuwa ina riƙe masa jaka. Ta Ƙofar Kabuga muke shiga. Ta nan ne sojan Turawa suka fasa ganuwa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hafsoshin ne Turawa, amma masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. Baba yakan tsaya ya ce, "Ka gani, jikana, rundunar da ta fasa garin nan, ita na shiga bayan shekara 40. Duniya ke nan." Yau wurin ya cika da motoci, ba mai tsayawa.

Daga Kabuga zuwa tsakiyar birni akwai 'yar tafiya, a hanyar nan ce na sha labarin yaƙi. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka ɗauke su. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, jirgin ruwa ya zaga da su ta Afirka ta Kudu har Bombai ta ƙasar Indiya a 1943. Yana cikin Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda ta yi karo da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ƙasar Bama ita ce ake kira Miyanma yanzu. Daji ne mai duhu da duwatsu, ba hanyar mota. Da adda da diga da shebur suka sare hanya fiye da mil 70. Abinci da harsashi jirgin sama ne yake jeho musu da laima, sa'an nan a ɗauka a kā. Ga ruwan sama ba iyaka, ga zazzaɓi, ga atuni. A watan Janairu na 1945 su da 'yan'uwansu na Runduna ta 82 suka shiga garin Myohaung. Aka gama yaƙi a watan Agusta, amma sai a 1946 ya ga gida.

Ban taɓa ji ya yi fahariya da harbi ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne, "A daji ba kanti. In abu ya lalace, ko ka gyara, ko ka rasa." Can ya koyi ɗinkin takalmi da liƙin gwangwani da ɗaurin gada. Kuɗin sallamar da aka ba shi bai kai na Baturen da suke igiya ɗaya ba, bai kuwa daɗe a hannu ba. Sana'ar hannu ce ta riƙe shi.

Na isa Kasuwar Kurmi da hantsi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙanana ne har yanzu, mutum biyu da ƙyar suke wuce juna. A nan Baba yake sayen ƙusa da dalma da magagari da kwado, sa'an nan mu ratsa wajen maƙera a ƙera masa ruwan fartanya da gatari. Ba ya ciniki da gaggawa. Yakan ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurara, in bai gamsu ba ya ajiye. Maƙerin ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, Saje, kai dai ba a yi maka rufa-ido."

Da waɗannan kaya ya yi wa ƙauyenmu hidima shekara da shekaru. Ya liƙe bokiti, ya gyara fitilar ƙwai, ya sa wa garma ƙota, ya yi facin keke, ya kafa ƙyaure, ya ɗaura indararo kafin damina. Gwauruwa ko marar ƙarfi ba ya karɓar ko kwabo a hannunsu. In an matsa masa ya ce a kawo masa kunu. Bai tambayi ko mai bokitin Kirista ne ko Musulmi ba.

Da la'asar na hau Dutsen Dala, inda muke hutawa kafin mu juya gida. Daga can ana hangen Gwauron Dutse, da babban masallacin birni, da ragowar ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta tun ƙarni na 12, sarakunan baya suka faɗaɗa. Da ƙasa aka yi ta, don haka dole a riƙa yi mata yaɓe, gama damina ba ta raga wa ginin ƙasa. Da aka daina, sai ta soma zubewa. Yau wani wuri ta zama tudu, wani wuri an kwashe ƙasar, wani wuri gidaje da shaguna sun hau kanta. Baba ya taɓa nuna mini wata tsaga ya ce, "Da kwando goma na ƙasa an tare wannan. Baɗi sai ɗari."

Ina zaune a kan dutsen sai kunya ta kama ni. Shekara nawa na yi ina riƙe masa jaka, amma ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa ba. Sunayen abokansa da aka binne a Bama, waɗanda yake lissafawa da yatsu, sun tafi tare da shi. Mutum yakan wuce Barikin Dalet ko na Kalapanzin a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, bai san sunayen daga yaƙin Bama suka fito ba. Ran 15 ga Janairu kowace shekara ana tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni. Wannan yana da kyau, amma bai isa ba.

Sojan Bama sun kusa ƙarewa, waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 su ma sun tsufa. Ya mai karatu, in akwai irin wannan tsoho a gidanku ko a unguwarku, kada ka jira baɗi. Ka je ka gaishe shi, ka duba ko ɗakinsa yana yoyo, ka gyara masa. Sa'an nan ka zauna a tabarma, ka kira yara, ka ɗauko takarda da alƙalami, ka ce, "Baba, ba mu labari."