Yaron Da Muke Kira Bonju



Da shugabanninku suka ce in rubuta muku wani abu a kan zaman makarantar kwana, na yi niyyar in yi muku gargaɗin da aka saba: ku dage da karatu, ku guji mugayen abokai, kada ku bar addu'ar safe. Duk gaskiya ne. Amma da na zauna zan rubuta, sai fuskar wani yaro ta tsaya mini a rai. Fiye da shekara 30 ke nan ina ɗauke da bashinsa, ban taɓa faɗa a kan bagadi ba. Yau zan faɗa muku.

A shekarar 1993 ina aji ɗaya a wata makarantar kwana ta mishan a jihar Filato. Wanda ya yi irin wannan makaranta ya san yadda take. Ƙararrawa ta tashe ka tun da duhu, ka ɗauki bokiti ka nufi rijiya, ka yi shara, ka tafi sujadar safe, ka sha kunun da za ka iya hango fuskarka a ciki. Da rana wake, da dare gabza. Ranar Asabar kowa da langalangarsa a filin ciyawa. Dukiyarka duka tana cikin akwatin ƙarfe ɗaya: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji da sukari. Da wuya, amma mu 'yan ƙasa muna da abin da ke rage mana zafi. Kowa yana da wani ɗan garinsu a aji na sama, kowa yana jin Hausa, kowa ya san ranar ziyara za ta zo.

A ɗakin kwananmu akwai yaro ɗaya da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga Mundu ya zo, babban gari a kudancin Chadi, a bakin kogin Logon. Mahaifinsa mai bishara ne, ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Najeriya, da zai koma gida sai ya bar ɗansa don ya koyi Turanci. Yaron yana jin harsuna uku: Ngambai, harshen gidansu, da Faransanci, da Larabcin Chadi. Amma ba Hausa, Turancinsa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Ranar farko ya shigo ɗaki ya gaishe mu da Faransanci, muka fashe da dariya. Daga ranar sunansa ya zama Bonju.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Ƙararrawa tana bugawa, bai san ta cin abinci ce ko ta aiki ba, sai ya makara, a sa shi ya durƙusa. Firifet ya yi masa tsawa, ya tsaya yana kallonsa, a ce raini ne, a ƙara masa bulala. Wata rana muka tambaye shi ajinsa a can gida, ya ce da yana can, aji shida zai shiga. Muka ce maƙaryaci ne. Ya ce yakan ci 16 a lissafi, muka ce daƙiƙi ne. Sai da na girma na sani cewa a tsarin makarantun Faransa ajin farko na sakandare shi ake kira na shida, ana ƙirgawa ne ana sauka, kuma maki 20 ne iyakar jarrabawa. Yaron gaskiya ya faɗa, kuma ya fi yawancinmu ƙwaƙwalwa. Rashin saninmu ne muka ɗora masa.

Da sanyin hunturu ya sauka a Filato, shi da ya fito daga ƙasa mai zafi, ba shi da bargo. Gadonsa yana kusa da nawa. Ina jin haƙoransa suna kaɗawa da dare. Ina da bargo da kuma zanen da Mama ta ƙara mini. Ban ba shi ba. Ba don na ƙi shi ba. Tsoro nake ji kada a ce ni abokin Bonju ne.

Ranar ziyara ita ce sallar ɗan makarantar kwana. Iyaye mata suna zuwa da kuloli, shinkafa da miya, dambu, soyayyen nama, a baje tabarma a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. A irin wannan rana yaron yakan ɓace. Wata ziyara Mama ta zo, muna cikin ci, sai ta hango shi zaune a bakin ƙofar majami'a, ya buɗe littafi a cinya amma ba karantawa yake ba.

Ta ce, "Wancan ɗan waye?"

Na ce, "Ɗan Chadi ne, Mama. Ba shi da kowa."

Ta ajiye cokali ta dube ni. Ta ce, "Ba shi da kowa? Kai kuma mene ne? Tashi ka kira mini shi."

Na tafi ina jan ƙafa. Da ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Mama ba ta yi boko ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Ta dafa ƙirjinta ta faɗi sunanta, sannan ta nuna shi. Ya faɗi nasa. Ta maimaita, ya gyara mata, ta sake maimaitawa har ta iya. Wata da watanni muna kwana gado kusa da gado, amma ranar ce na fara jin sunansa na gaskiya da kunnen basira. Ta cika masa kwano, ta sa masa nama fiye da nawa. Yana ci hawaye yana zuba cikin shinkafar. Da za ta tafi ta ce mini, "Hutun Kirsimeti ka zo mini da shi. Ɗa na kowa ne."

Mama ta gane abin da ni ban kula ba, cewa ba zai iya zuwa gida hutu ba. Hanyar da mahaifinsa ya bi da shi ta Maiduguri ce, zuwa Gamboru, a ƙetare zuwa Fotokol a Kamaru, a bi har Kuseri, a haye kogi zuwa Njamena, sannan a yi kudu fiye da kilomita 400 kafin a kai Mundu. Iyaka biyu, kwanaki a hanya. Ba tafiyar yaro ɗan shekara 13 ba ce shi kaɗai.

Ga inda na fāɗi. Ranar da aka ba da hutu, na ɗauki akwatina tun da sassafe na sulale zuwa tasha, ban ce masa komai ba. Na ji kunyar 'yan garinmu su gan ni da shi a mota. Na ji kunyar ya ga gidanmu na ƙasa mai ɗaki biyu. Da na isa Mama ta tambaye ni, na ce mata an zo an ɗauke shi. Na yi wa uwata ƙarya, na kuma tsaya cikin mawaƙa ranar Kirsimeti ina raira waƙa a kan jaririn da bai sami masauki ba.

Da muka dawo hutu na ji yadda ya yi. Malamin da aka bar wa amanarsa ya yi tafiya. Baba maigadi ne ya riƙe shi. Dattijo ne Musulmi, mutumin Borno, yana jin Larabcin Shuwa, wanda kusan ɗaya yake da Larabcin Chadi. Shi ya riƙa raba tuwonsa da shi, ya ba shi tsohon bargonsa, ranar Kirsimeti kuma ya raka shi har ƙofar majami'ar cikin gari, ya ce, "Shiga ka yi ibadarka, ɗana, ina nan ina jiranka." A makaranta mai ɗaruruwan 'ya'yan masu bi, wanda ya zama maƙwabcin yaron nan shi ne mutumin da ba ma ko lissafawa. Duk lokacin da na koyar da misalin Basamariye mai alheri a Luka sura 10, na san sarai ko wane ne ni a cikin labarin. Ni ne wanda ya ratse ta wancan gefen hanya.

Bai zarge ni ba. Ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Mama. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da mahaifinsa ya tara bai ƙara isa kuɗin makaranta ba. Kafin shekara ta ƙare aka zo aka tafi da shi. Ban roƙi gafararsa ba.

Yanzu ina koyarwa a kwalejin tauhidi, kuma ɗaya daga cikin surorin da nake yawan komawa gare su ita ce Daniyel sura 1. Ku karanta ta da idon ɗan makarantar kwana. An kwaso samari daga Yahuza zuwa Babila, aka sa su a makarantar fāda ta shekara uku. Sabon harshe, sabon abinci, sabuwar doka. Aka kuma canja musu suna. Hananiya, Mishayel da Azariya suka zama Shadrak, Meshak da Abednego. Ku lura, har yau da sunayen da Babila ta laƙa musu muke kiransu. Duk wa'azin da na ji a kan wannan sura tun ina yaro, mu ne Daniyel: ka tsaya da ƙarfi, kada ka ƙazantar da kanka. Daidai ne. Amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa wata rana ni zan zama Babila, ni ne ɗan ƙasa mai harshe da abinci da ikon laƙa wa baƙo suna.

Akwai kuma wani mutum a surar da ba a cika kula da shi ba, wato wakilin da aka sa ya lura da su. Da Daniyel ya roƙi a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, mutumin ya saurara, ya yarda, alhali abin zai iya jawo masa fushin na sama da shi. Allah ne ya ba Daniyel tagomashi, amma ta hannun wani ɗan ƙasa ya bi. Haka Ubangiji yake yi har yau. A Littafin Firistoci sura 19 ya umarci Isra'ila su ɗauki baƙo kamar haifaffen gida, su ƙaunace shi kamar kansu, ya kuma tuna musu cewa su ma sun yi baƙunci a Masar.

Allah cikin jinƙansa ya sake kawo mini jarrabawar. A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, aka rufe makarantu, aka rufe iyakoki. 'Yan gida kowa ya kama hanya. Wasu ɗalibanmu daga Chadi, Kamaru da Nijar suka rage a ɗakunan kwana, wasu da mata da yara, kuɗi kuma ba ya shigowa. Na ga akwatunan masu tafiya a bakin ƙofa, na ga waɗanda suka tsaya suna kallo, sai na koma ɗan shekara 13. Na gaya wa uwargidana labarin da ban taɓa gaya mata ba. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta ƙara ruwan tuwo. Haka aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, iyaka ta zauna a rufe har watan Maris na 2024, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sha wuya, ga su masu jin Hausa kamar mu.

Abin da na koya shi ne, tausayi kaɗai ba ya riƙe baƙo. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ana tsallake su wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsaya ga wa'azi a kan ƙauna ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin. Abin da aka bar wa kowa, ba wanda yake yinsa. A makarantarmu kowa ya ga yaron nan, kowa ya ɗauka wani ne zai kula.

Saboda haka, ƙannena, ga roƙona. Idan kana makarantar kwana ko jami'a, duba ɗakinka. Wataƙila baƙonka ba daga wata ƙasa ya zo ba, daga sansanin gudun hijira ne, ko daga jihar da ba a jin harshenka. Koyi sunansa na gaskiya, ka kira shi da shi. A makon farko ka zaga da shi, ka nuna masa ma'anar kowace ƙararrawa, da inda asibiti yake. Ranar ziyara kada ka buɗe kula sai ka duba wanda ba a zo wa ba. Ku shugabannin zumunta, ku rubuta sunayen ɗaliban nesa da ke makarantun kusa da ku, ku je wurin dattawan ikilisiya tun kafin hutu, a sama wa kowane ɗaya gidan da zai sauka, da sanin makaranta da yardar iyayensa. A ware wani abu daga baiko don bargo, sabulu da katin waya, ya ji muryar mahaifiyarsa. In kuna sujada, ku ba shi dama ya yi addu'a da harshensa. Kada kuma ku mai da shi abin tausayi kawai. Wanda ke jin harshe uku yana da abin da zai koya muku. Zumunta a ƙafa take, ba a suna ba.

Mama ta koma ga Ubangiji, amma kafin nan na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta kira sunan yaron daidai yadda ya koya mata, ta ce, "Allah ya sa ya sami masu riƙe shi." Duk ɗalibin da ya zo mana daga Mundu ina tambayarsa, har yau ban dace ba. Na gaskata Almasihu ya gafarta mini. Amma ina so ku tsira daga irin wannan bashi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka yi gudun hijira zuwa Masar tun kana jariri, ka buɗe idanunmu mu ga baƙon da ke kwana kusa da mu. Ka cire mana tsoron dariyar mutane. Ka kiyaye 'ya'yan da ke karatu nesa da iyayensu, ka sa gidajenmu su zama gidajensu. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.