Malam, Wa Ya Taɓa Zuwa Can?

A farkon watan Satumba na 2018 ƙasa ta motsa a unguwar Mpape da ke Abuja, mutane suka fito daga gidajensu a firgice. Da aka dawo daga dogon hutu, labarin na nan a bakin yara. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren maza a jihar Kano, kuma darasin da ke gaban 'yan SS1 shi ne yadda cikin duniya yake. Sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na zana da'ira a allo, na kasa ta. A sama akwai ɓawo, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi ya kai kimanin kilomita 35, bai ma cika tafiyar Kano zuwa Wudil ba. A ƙarƙashinsa akwai mantil, dutse mai zafi har zurfin kilomita 2,900. Ba narkakke ba ne kamar yadda yawancin yara ke zato. Dutse ne sosai, sai dai yana tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara. Daga nan sai cibiyar waje, narkakken ƙarfe, sannan cibiyar ciki, ƙarfe a daskare duk da zafinta ya haura digiri 5,000, domin nauyin da ke danne ta ya hana ta narkewa. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371.

Yara suna ta kwafa, ba wanda ya ce uffan. Ni dai irin wannan shirun ba ya burge ni, haddar jarrabawa ce kawai.

Can daga bencin baya wani yaro ya ɗaga hannu. Mahaifinsa haƙar rijiya yake yi, shi ma yakan bi shi jan guga idan an yi hutu.

"Malam, wa ya taɓa zuwa can?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce, "Ku yi shiru, tambayarsa ta fi duk abin da ke allon nan." Na gaya masa gaskiya: babu wanda ya je. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana yankin Kola a arewacin Rasha. An soma shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, zafi ya kai digiri 180, aiki ya gagara. Ko rabin ɓawon ba a ci ba.

"To, Malam, ashe cinta aka yi."

A nan darasin ya soma. Na tambaye shi yadda mai saye ke gane kankana ta nuna ba tare da an yanka ba. Ya ce ƙwanƙwasawa ake yi a saurara. Na ce to girgizar ƙasa ita ce ƙwanƙwasar, na'urorin da aka girke a ƙasashe daban-daban su ne kunnen. Girgiza tana aika motsi iri biyu cikin duniya. Ɗaya yana ratsa dutse da ruwa, ɗayan kuwa da ya tarar da ruwa sai ya tsaya. Idan aka yi babbar girgiza a wani ɓangare, na'urorin can ɗaya gefen duniya ba sa jin na biyun sam. Me ya tare shi? Yaron ya yi jim, ya ce, "Akwai ruwa a tsakiya ke nan." Da irin wannan lissafi Mohorovicic na Kuroshiya ya gano iyakar ɓawo a 1909, kuma wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano daskararriyar cibiyar ciki a 1936. Da na ce mace ce, wasu suka kalli juna.

Washegari yaron ya tare ni a bakin ofishin malamai da saƙon mahaifinsa. Wai dattijon ya yarda da zancen hawa-hawa, domin shi ma yakan wuce jar ƙasa, ya tarar da marmara, sannan yashi mai ruwa. Amma maganar ƙarfe a narke, ya ce a gaya wa Malam sai ya gani da idonsa.