Banjul, Garin da Gwanda Ta Shiga Asibiti

Da hantsi muka shiga jirgin fito a Bara, mu da motoci da tumaki da mata masu tallan gyaɗa, muka ƙetare Kogin Gambiya daidai inda yake zuba cikin teku. Banjul ƙaramin gari ne a kan tsibiri. Turawan Ingila suka kafa shi a 1816 da sunan Bathurst, sai a 1973 ya samu sunan da yake amsawa yanzu. Iskarsa da gishiri, titunansa da yashi, kowace kusurwa kuma samari ne zaune suna dafa shayin da suke kira ataya.

Wannan shayin ne ya jawo zancenmu na yau. A gidan da muka sauka akwai yarinya ƴar shekara 4 da butar shayi ta kife mata a cinya makonni kafin zuwanmu. Uwarta ta ce maƙwabta sun taru, wannan na cewa a fasa ƙwai, wancan na cewa a shafa man goge baki. Allah Ya taimake ta ta ƙi, ta tara ƙafar a ruwan famfo, ta kai ta asibiti. Daidai ta yi: ruwa mai sanyi yana gudu a kan ƙuna na minti 20 shi ne taimakon farko, ba ƙanƙara ba, ba mai ba.

Da muka ratsa Kasuwar Albert, ga gwanda tuli-tuli, sai maigidanmu ya yi dariya ya ce a garin nan gwanda ta taɓa aikin likita. Ba wasa yake ba. A 1999 likitocin da suka yi aiki a babban asibitin garin, wanda ake kira Royal Victoria a lokacin, yanzu kuma Edward Francis Small, suka wallafa yadda suke dama tsokar gwanda su shimfiɗa a kan ƙunar yara kullum, musamman mai zurfi da wadda ta ruɓa. Gwanda na ɗauke da sinadarin fafen, mai narkar da mataccen nama. Iyayenmu mata da ke naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda sun san aikinsa tun ba su san sunansa ba. Idan mataccen naman ya tashi, sai jan nama mai rai ya bayyana, a samu damar dasa fata.

Abin da ya burge mu shi ne talauci bai hana su tunani ba. Amma kada mai karatu ya ruga lambu. Aikin asibiti ne, da hannu mai tsabta da idon likita, kuma akwai jikin da ba ya jituwa da fafen. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da man shafawa masu ɗauke da shi waɗanda ba ta tantance ba. Abarba ta fi sa'a: daga karanta aka haɗa maganin NexoBrid, mai cire mataccen naman ƙuna cikin awa 4, Turai ta amince da shi a 2012, Amurka a 2022.

Ranar da za mu koma Bara, yarinyar ta rako mu har ƙofar gida, tana ɗingishi kaɗan, riƙe da yankan gwanda tana sha.