Miyar Lami a Birnin Delhi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, a shekarar 2019 Allah Ya ƙaddara na raka kawuna neman magani birnin Delhi na ƙasar Indiya. Kafin mu tashi daga Batsari na yi tanadin fasfo da biza da kuɗin guzuri, amma ban yi tanadin amsar tambayar da ta fara tarar da mu ba, wato: me za mu ci?

Daren farko muka shiga wani gidan abinci kusa da masaukinmu. Ƙamshin kaza ya cika wurin, kawu kuwa kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne mai karatu, ya halatta ko bai halatta ba?" Sai na ji nauyin sunan nan ya sauko mini a ka. Aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara, amma mafi yawan mutanen Indiya mabiya addinin Hindu ne, ba su shiga wannan sassauci ba. Ga shi kuma akwai wata hanyar yanka da ake kira jhatka, inda ake sare kan dabba da bugu ɗaya. Na ce, "Kawu, mu haƙura da naman nan tukuna."

Wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a can shi ya koya mana hanya. Dokar ƙasar ta wajabta alama a jikin abincin da aka rufe a leda ko gwangwani: koren ɗigo cikin koren murabba'i yana nufin babu nama, babu kifi, babu ƙwai. Gidajen abinci da yawa ma suna manna wannan alama a ƙofa, ba sa dafa nama ko kaɗan. A nan hankalina ya kwanta, domin ko tukunyarsu ba ta taɓa nama ba, balle a shiga zancen wanke ƙwarya da ya zo a hadisin Abu Sa'alaba Al-Khushani. Abin da ya rage shi ne mutum ya tambaya ko an zuba giya a girkin, domin rashin nama kaɗai ba ya mai da abinci halal.

Haka muka yi mako uku muna cin shinkafa, da gurasar da suke kira capati, da dal, wata miyar wake mai kama da tamu. Ranar Juma'a kawai muke zuwa unguwar Musulmi da ke kewaye da Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, mu ci nama da natsuwa.

Wata rana kawu ya ajiye cokali ya yi dariya, ya ce, "Ashe mun keto teku ne don mu sha miyar lami!" Maganar ta tsaya mini a rai. A gida muna ganin miya babu nama alamar talauci ce, har mai gida kan ji kunyar baƙo ya gani. Alhali ɗanwake, da kwaɗon zogale, da dafaffen rogon da aka san Batsari da shi, da tuwon dawa miyar kuka, su ne suka raine mu, kuma babu shubuha a cikinsu.

Sai wata tambaya mai ɗaci ta biyo baya. A Delhi na tsananta bincike kan wanda ya yanka dabbar. To a gida, na taɓa tambayar ta wane ne? Duk wanda ya zauna a Batsari ko Safana ya san abin da satar shanu ta yi wa ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Mun san magidantan da aka kore musu shanun noma a dare ɗaya. Saniyar sata, ko an fuskantar da ita alƙibla an yi bisimilla, ba ta zama halal ga wanda ya san ta sata ce. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya karantar da mu cewa tsakanin halal da haram akwai abubuwa masu rikitarwa, wanda ya guje su ya tsare addininsa da mutuncinsa.

Ban ce a munana zato ga mahautanmu ba. Asali abin da ke kasuwar Musulmi halal ne, kuma ba a ɗora mana bin diddigin kowace tsoka ba. Amma idan aka kawo maka dabba da rabin kuɗinta, babu mai shaida, babu wanda ya san garken da ta fito, to zuciyarka ta riga ta ba ka fatawa.

Kawu ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ni kuma na dawo da darasin da nake maimaita wa ɗalibaina a Islamiyya: wanda ya iya haƙura da nama mako uku a ƙasar wasu don tsoron Allah, zai iya haƙura da shi a garinsu saboda haƙƙin maƙwabcinsa.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.